Kufan Jarma

Sabha babban gari ne a yankin Fezan, cikin kudancin Libiya. In matafiyi ya fita daga Sabha ya yi yamma, sai ya shiga wani dogon kwari mai suna Wadil Ajal. Ga tuddan rairayi na Ubari a dama, ga duwatsun Mesak a hagu. Wannan tsohuwar hanyar ayari ce.

Bayan tafiyar kilomita wajen 150, sai a iso kufan Jarma. Da can sunanta Garama, birnin sarakunan Garamantawa. Kusa da ita akwai dutsen Zinkekra. Mai son ganin samansa sai ya hau da ƙafa. Can zai iske ragowar ganuwa, da tushen ɗakuna, da zane-zane jikin duwatsu. Mutane sun zauna nan kusan shekara 3000 da suka wuce. Daga baya suka sauko kwari suka gina Garama.

Da wuya a ga ruwan sama a Fezan. To, yaya suka yi noma? Sun haƙa rijiyoyi a jere tun daga gindin duwatsu, suka haɗa su da rami ta ƙarƙashin ƙasa. Ruwa na gangarowa da kansa har cikin gonaki. Sunan wannan dabara fogara, kuma sun haƙa ɗaruruwa. Sun noma alkama, sha'ir, inabi da dabino. Sun yi ciniki da Rumawa a arewa, da ƙasashen kudu.

Amma ruwan nan tsohon ajiya ne, damina ba ta mayar da shi. Sannu a hankali ya yi ƙasa, fogara suka ƙafe, gonaki suka ragu, birni ya raunana. Littattafan tarihi na Larabci sun ce Uƙuba ɗan Nafi'u ya bi ta Jarma wajen shekarar 666, ya wuce har Kawar, cikin Nijar ta yau.

Ruwa shi ne ran gari. Sai mu kula da rijiyoyinmu.

Ma'anar kalmomi
Kufai: wurin da aka zauna da, aka tashi.
Ayari: fatake masu tafiya tare da raƙuma ko jakuna.

Tambayoyi
1. Ina Jarma take?
2. Yaya fogara ke kai ruwa gona?
3. Me ya raunana Garama?
4. Akwai kufai kusa da garinku? Ku tambayi tsofaffi labarinsa.