Darasi: Tsohon Jirgi Ba Shara Ba Ne

A shekarar 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano. Jiragen sojan Ingila ne guda uku, daga Masar. Da katako da ƙyalle aka yi jikinsu. An gyara wani irinsu, an adana shi a gidan tarihi a Landan, don yara su gani.

Tsohon filin jirgi dogo ne, miƙaƙƙe, shimfiɗaɗɗe. Wani lokaci akan ga ragowar kwalta ko siminti. Tsofaffi sun san wurin, ku tambaye su.

In kun tsinci ƙarfen jirgi, kada ku sayar wa 'yan gwangwan. Ku sanar da mai gari.

Tambaya: Daga ina jiragen suka taso?