Wasiƙa ga matasan Meiganga: a san kan magana, a san reshenta



'Ya'yana da ƙannena, maza da mata, na cikin gari da na ƙauyukan Mbere, ina gaishe ku da karatu, ina gaishe ku da nema. Allah ya yi muku albarka.

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne wani hali da nake gani a wayoyinku. Ɗalibin lise ya ɗauki hoton allo kafin malam ya goge, gobe ya sake ɗauka, jibi ma haka, har hotunan darasi su cakuɗe da na biki da na ƙwallo. Yaron kanti ya tura wa kansa saƙon murya a WhatsApp cewa wane ya karɓi siminti buhu biyu bashi. Mai ɗinki ta rubuta awon wata a bayan rasit, na wata kuma a cikin hira da ƙawarta. Komai yana nan, ba abin da ya ɓata. Amma ranar da bukata ta taso, sai a yi ta murza fuskar waya ana nema har rai ya ɓaci. Ku masu ƙoƙari ne, na shaida. Tsari ne ya yi ƙaranci, shi kuwa tsari ana koyon sa.

Akwai wani nau'in manhaja da aka yi domin wannan matsala. Aikinta ɗaya ne: ta ba ka damar rubuta magana layi-layi, ka tura wani layi ƙarƙashin wani. Layin sama shi ne kan magana, na ƙasa rassansa ne, kowane reshe kuma yana iya fitar da nasa rassan. In ka taɓa ɗigon da ke gefen layi, duk abin da ke ƙarƙashinsa ya naɗe ya ɓoye. Ka sake taɓawa ya buɗe. In ka ja kan magana zuwa wani wuri, rassansa su bi shi gaba ɗaya, ba sai ka sake rubuta ko harafi ba. Shafi guda zai iya ɗaukar karatun shekara, amma in ka naɗe shi ba za ka ga fiye da layi biyar ko shida ba.

Wanda ya zauna gaban malamin zaure ya riga ya san wannan, ko da bai taɓa riƙe kwamfuta ba. Ku dubi yadda magabata suka jera littattafan fiƙihu. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996, babi-babi take tafiya: aƙida, tsarki, salla, azumi, zakka, har zuwa ciniki da rabon gado. Muhtasar na Shehu Halil ya raba babi zuwa fasali, kowace mas'ala tana da gidanta. Shi ya sa in aka tambayi malami hukuncin taimama ba ya fara buɗe littafi daga bango, kai tsaye yake zuwa babin tsarki. Haka ɗan makarantar allo: ba a ce masa ya haddace Alƙur'ani a dunƙule. An raba masa shi izu 60, kowane izu sumuni 8, abin da ke gabansa yau shi ne abin da allonsa ya ɗauka. In ya biya, ya wanke, ya rubuta na gaba. Da haka yara suke sauka. Manhajar da nake ba ku labari wannan dabarar ce aka saka a na'ura.

Su ma masu kwamfuta tun da wuri suka gane amfaninta. Ranar 9 ga Disamba 1968, a birnin San Francisco na Amurka, Douglas Engelbart ya nuna wa jama'a wani tsari da shi da abokan aikinsa suka ƙirƙira, kuma cikin misalan da ya kawo har da jerin cefane: ya tara kayan a ƙarƙashin kanu, yana naɗewa yana buɗewa. A 1983 Dave Winer ya fito da ThinkTank domin ƙananan kwamfutoci. A 2003 wani masanin taurari na Jami'ar Amsterdam, Carsten Dominik, ya ƙirƙiri Org-mode don ya tsara rubuce-rubucensa da ayyukansa, har yau kuma kyauta ake raba shi. Workflowy ta zo a 2010, daga baya irin su Logseq da Obsidian suka biyo. Kai, ko Word ɗin da ke kwamfutar shagon buga takardu yana da abin: ku shiga Affichage, ku zaɓi Plan. Maɓallin Tab yana tura layi ƙasa, Shift da Tab tare su dawo da shi sama.

Bari in zauna a kan misali guda, don a nan ne amfanin yake fitowa. Ga ɗaliba a EGEM, makarantar ilimin duwatsu da haƙar ma'adinai ta Jami'ar Ngaundere da ke nan garinmu. Ta dawo daga staj a wani wurin wankin zinari, da littafin fili da ya sha ruwan sama, da ƙunshin samfurin ƙasa da dutse, da hotuna cike da waya, ga kuma wa'adin miƙa rahoto ya ƙarato. In ta rubuta wa kanta "rubuta rahoto", wannan layin zai kwana ya tashi yana kallon ta, don babu wanda ya san ta inda ake kama shi. To ta buɗe manhaja ta sa "Rahoto" a sama. Ƙarƙashinsa ta jera gabatarwa, bayanin wurin, yadda aka ɗebi samfur, sakamako, tattaunawa. Ta shiga bayanin wurin ta sake gutsura shi: taswira, ruwan sama da yanayi, irin duwatsun yankin, mutanen da ke aikin. Ƙarƙashin taswira ta rubuta: "kwafe lambobin GPS na ramuka daga littafin fili", "roƙi malam taswirar yankin ranar Talata". Nan fa aka zo wurin. Waɗannan biyun ayyuka ne da hannu zai iya kamawa. Na farko za ta gama shi tsakanin magariba da isha'i, na biyu kuma tafiya ce zuwa ofis.

Wannan ita ce ƙa'idar da nake so ku riƙe fiye da sunan kowace manhaja: ku ci gaba da gutsura aiki har sai layin ƙarshe ya zama abin da za ku iya tashi ku yi a zama ɗaya, kuma ya fara da aikatau. Kira, kwafe, auna, biya, tambaya. In layi ya yi makonni bai motsa ba, galibi bai gama gutsuruwa ba ne, ko kuma yana jiran wani abu da ba ku rubuta ba. Ku tambayi kanku: mene ne yake tare shi? Amsar ita ce layin da ya ɓace.

Akwai wata fa'ida da ɗalibar nan za ta gani in ta naɗe komai ta bar kanu kaɗai. Za ta lura cewa ƙarƙashin sakamako rassa sun yi cunkoso, ƙarƙashin tattaunawa kuwa fayau. Ashe ta tara bayanai ne, ba ta riga ta yanke abin da suke nufi ba. Gara ta gane haka tun da sauran lokaci, da ta gane shi a gaban malaman da za su yi mata tambayoyi. Sannan duk lokacin da ta tsaya tana shawara, wannan bayanin na launin ƙasa a bayanin wuri zai zauna ko a sakamako, to tunani take yi a kan iliminta. Manhaja ba za ta yanke mata ba. Ina ganin wannan shi ne mafi girman abin da ake samu, domin mutum ba ya iya sa abu a gidansa sai ya fahimce shi. Ɗalibin da ke shirin Probatoire ko Bak, in ya zauna ya jera darasin tarihi da kansa, sababi ƙarƙashin sababi, ya riga ya yi rabin bita. Wanda ya karɓi hoton takardar wani ya ajiye kuwa, bai fara ba tukuna.

Masu nema ma da su nake. Saurayin da ke sayo shanu a kasuwar Ngawi, ko mai ɗauko kaya daga Ngaundere ya sauke a nan ko ya wuce da su Garwa-Bulai, kowace tafiya ta zama kan magana da kwanan wata. Ƙarƙashinta kuɗin saye, kuɗin mota, la'adar dillali, takardun likitan dabbobi, abin da aka ci a hanya, da wanda ya saura da bashi, kowanne da sefa nawa. Bayan 'yan tafiye-tafiye ya buɗe su gefe da gefe, zai ga inda riba take zurarewa. Haka uwar adashi, haka kwamitin gyaran masallaci, haka ƙungiyar matasan unguwa.

Yanzu maganar zaɓi. Kun san halin da muke ciki: wuta tana zuwa tana ɗaukewa, intanet yana yankewa da zarar an bar bakin kwalta, data kuma da kuɗi ake saye. Saboda haka kafin ku amince da kowace manhaja, ku kashe data ku buɗe ta. In ta buɗe ta nuna muku rubutunku, ta kuma bar ku ku ƙara, ta ci gwajin farko. Gwaji na biyu: shin za ku iya fitar da rubutun a fayil na zallar rubutu, wanda kowace waya da kowace kwamfuta za ta karanta? Obsidian a cikin na'urarka take ajiye fayilolinka. Orgzly, a wayoyin Android, tana aiki da fayilolin Org-mode, inda tauraro ɗaya a farkon layi yake nufin babban kai, taurari biyu reshe, uku reshen reshe. Ko manhajar ta ɓace daga duniya, fayil ɗin yana nan ana karanta shi. Workflowy tana da daɗin aiki, amma a rumbun kamfanin take ajiye rubutu, don haka mai amfani da ita ya riƙa fitar da kwafi lokaci-lokaci. Ba zargi nake yi ba, rufe manhaja ya sha faruwa. Wunderlist manhajar jera ayyuka ce da mutane da yawa suka dogara da ita. Microsoft ta saye ta a 2015, aka rufe ta a watan Mayun 2020, kowa sai da ya kwashe kayansa ya koma wani wuri.

Kuma ku yi kwafi. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta a tasha, tana mutuwa ba sallama. Sau ɗaya a mako ku tura fayil ɗin zuwa imel ɗinku, ko ku kwafe shi a katin ajiya ku cire ku adana a gida. In akwai sunayen masu bashi ko kuɗin jama'a a ciki, wannan amana ce: ku kulle wayar, kada ku bar ta a hannun mai caji a buɗe.

Akwai tarkon da nake ji muku tsoro, don masu kaifin kai ya fi kamawa. Mutum ya shagala da gyaran jeri ya manta da aikin. Yau ya canza launi, gobe ya sauke sabuwar manhaja don ya ga wani a YouTube yana yabon ta, jibi ya kwashe komai ya koma wata. Ransa yana ce masa aiki yake yi, alhali littafin lissafi yana rufe. Ku zaɓi ɗaya ku zauna da ita aƙalla zangon karatu guda. Kada rassa su wuce hawa uku ko huɗu sai da dalili. Kada ku zuba duk abin da ya zo muku a rai a jerin yau. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ku buɗe wani kai daban mai suna "Wata rana", ku tura burin koyon tuƙi da na buɗe shago can, ku bar na yau da abu uku. A saman komai kuma ku ajiye wani kai na "Sabon shigowa", inda za ku jefa duk abin da ya faɗo muku a kan babur ko a cikin aji ba tare da tsayawa tunanin gidansa ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, ko Lahadi da yamma, ku zauna ku raba su, ku soke abin da aka gama, ku share abin da ya daina amfani. In kun bar wannan zaman na mako-mako, jerin zai tsufa, ku daina yarda da shi, ku koma ɗaukar hoton allo.

Wanda ba shi da babbar waya kada ya ce an bar shi a baya. Littafin rubutu ya isa. Ka rubuta kan magana a jikin jan layi, reshe ka matsa ciki da faɗin yatsa, reshen reshe yatsa biyu, ka bar fili a tsakani don abin da zai zo. Naɗewa da jan layi zuwa wani wuri ne kawai za ka rasa. Ranar da Allah ya hore maka waya, kwafewa kawai za ka yi.

Ku da kuka iya, ku koya wa na ƙasa da ku, har da 'yan'uwanmu da rikicin Afirka ta Tsakiya ya koro zuwa Borgop da Ngam, waɗanda 'ya'yansu suke zaune benci ɗaya da ƙannenku. Zama ɗaya ya isa a nuna wa mutum. Ku sa shi ya faɗi aikin da ya fi damun sa, ya rubuta shi a sama da hannunsa, ku yi ta tambayar sa "sai me?" har ya kai ga abin da zai yi gobe da safe.

Ku gaishe mini da iyayenku da malamanku. Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya sa albarka a nemanku.

Wassalamu alaikum.

Babanku mai yi muku fatan alheri,
Meiganga