Taba, Tsargiya da Gwajin Jini: Shawara Ga Magidanta

Sankarar mafitsara daban, sankarar furostet daban. Furostet shi ne ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda bututun fitsari ke ratsawa. Ta mafitsara ce rigakafinta ya fi zama a hannunmu.

Taba ce kan gaba. A Amurka da Turai, kusan rabin masu sankarar mafitsara taba ce silarsu. Gubar hayaƙin na shiga jini, ƙoda ta tace ta, ta taru a mafitsara, ta kwana tana cin bangonta. In kana sha, ka bari, kuma kada ka koma wa shisha da sunan sauƙi.

Mu a nan muna da ƙarin wata matsala: tsargiya. Yaro ya riƙa wanka a kududdufi ko magudanar noman rani, bayan 'yan watanni sai a ga ɗigon jini yana biyo ƙarshen fitsarinsa, manya su ce alamar balaga ce. Wannan magana tana ci mini rai. Ƙwayayen tsutsar tsargiya na maƙalewa a bangon mafitsara, su yi shekaru suna gurzar sa har ya rikiɗe ya zama sankara. Tun 1994 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan tsutsa cikin abubuwan da ke haddasa sankara. Maganinta praziquantel ne. A kai yaron asibiti ya sha, manomin shinkafa kuma ya sa dogon takalmin roba. Masu aiki da sinadaran rini da fenti su riƙa sa safar hannu.

Sankarar furostet kuwa, manyan dalilanta su ne shekaru, gado, da kasancewa baƙar fata, kuma babu wanda za ka iya sauyawa. Don haka kada mai tallan ƙwayoyin ƙarin lafiya ya cinye maka kuɗi. An gwada bitamin E da seleniyom a kan maza fiye da 35,000, sakamakon 2011 ya nuna bitamin E ƙara haɗarin ma ya yi da kashi 17 cikin ɗari. Rage tumbi da yawan tafiya a ƙafa sun fi amfani, domin an alaƙanta ƙiba da nau'in da ya fi tsanani.

Da ka kai shekara 45, tambayi likita game da gwajin jini na PSA, musamman in mahaifinka ko ɗan'uwanka ya yi ciwon. Jini a fitsari kuwa, ko sau ɗaya ne kuma ba zafi, ka je asibiti a makon.