Darasi na 7: Tambaya, Tsayawa Kan Sana'a Ɗaya, da Abin Yi Kullum

Manufa: kowace mamba ta san yadda za ta ƙara wa kanta sani, ta kuma kare jarinta.
Lokaci: minti 40, bayan an gama zubi an kulle akwati.

Mata biyu za su karɓi rance iri ɗaya a rana ɗaya. Bayan wata uku ɗaya ta biya har ta ga riba, ɗayar kuwa sai an kai akuyarta kasuwa. Kuɗin ɗaya ne, amma halin riƙonsa ya bambanta. Halaye uku za mu duba yau.

1. Yawan tambaya

Matambayi ba ya ɓata, kuma mu mutanen Gaya mun gaji nema. Tarihin baka ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka tafi neman tama har Dutsen Dala suka zauna a can. Ko tsarin asusun nan namu daga sake duban adashi ya fito. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi da matan karkara a yankin Maraɗi ta Nijar, da sunan Mata Masu Dubara. Maimakon kowa ta kwashe adashi a wuce wurin, sai kuɗin ya zauna a akwati ana ba da rance ana juyawa. Yau ga shi a ƙasashe da dama.

To ke fa, me kika tambaya a makon nan? Idan maigida ko ɗanki ya dawo daga kasuwar Wudil ranar Juma'a, tambaye shi nawa kwanon gyaɗa, nawa ɗan akuya. Idan malamin gona ya zo, tambaye shi dalilin da ya sa buhun PICS mai ninki uku yake ajiye wake ba tare da magani ba. Amsar ita ce: in an ɗaure shi tam, iska takan ƙare wa ƙwarin su mutu. Wadda ta san haka ba za ta riƙa buɗe buhun kullum tana ɗiba ba.

2. Tsayawa kan abu ɗaya

Taura biyu ba ta taunuwa. Yau awara, gobe ɗanwake, jibi sayar da atamfa don an ga maƙwabciya tana samu: haka jari yake narkewa. Zaɓi sana'a ɗaya ki riƙe ta har zagayen asusu ya ƙare. In man gyaɗa ne da ƙuliƙuli, ki san shi ciki da bai. Wace gyaɗa ce ta fi mai? Kwalba nawa kwano goma yake bayarwa? Da kaka gyaɗa tana araha, idan damina ta kusa sai ta hau, don haka lokacin karɓar rance ma abin lura ne.

Kuɗin rance kuma na sana'a ne. Anko, biki da gudummawa su fito daga riba. Rashin lafiya ko rasuwa kuwa, don su muka ware asusun taimako.

3. Abin yi kullum

Da yayyafi kogi kan cika. Naira 100 a rana ita ce 700 a mako, a mako 52 kuma 36,400. Ga abu uku na kowane dare bayan sallar isha'i:

- Ƙirga cinikin yau.
- Cire abin da kika kashe: gyaɗa, markaɗe, itace, kuɗin babur. Abin da ya rage shi ne riba.
- Ware na zubi a gwangwaninsa daban kafin ki taɓa sauran.

Rashin boko ba ya hana lissafi. Mai ajami ta rubuta da ajami, wata ta sa 'yarta mai zuwa makaranta. Wata kuma ta jefa tsakuwa ɗaya a kwano a madadin kowace naira 500 da ta bayar bashi. Bashin da ba a ajiye lissafinsa ba, kyauta ce.

Tattaunawa

a) Wane abu kike son sani game da sana'arki amma kunya ta hana ki tambaya?
b) Wa za ki tambaya a nan garin?
c) Me ya fi cinye miki jari a zagayen da ya wuce?

Ga mai jagorantar zama: ko a Kademi ne, ko Toranke, ko Balare, a fara da masu shiru. Kada a yi wa kowa dariya kan tambayarta, kada kuma a ambaci bashin wata a gaban jama'a.

Aikin gida

Kowacce ta yi tambaya ɗaya, ta kuma ƙirga cinikinta kwana bakwai a jere. Mako mai zuwa, kafin a buɗe akwati, mutum biyar za su faɗi abin da suka gano. Allah ya sa albarka a neman kowa.