Kafin ka haɗa jan ƙarfe da baƙin ƙarfe a bututun tururi

Duk inda ƙarafa iri biyu suka taɓa juna kuma akwai ruwa a tsakaninsu, an haɗa ɗan ƙaramin batir ke nan. Lantarki zai riƙa gudana, tsatsa ta ci ɗaya, ɗaya ya tsira. Idan jan ƙarfe ko tagulla suka gamu da baƙin ƙarfe, baƙin ne ke shan wahala. Busasshen tururi bai cika kawo wannan ba. Ɓarnar tana layin da tururi ke komawa ruwa, musamman idan an kashe tukunyar tururin iska ta shiga.

Wani zai ce ai bawul ɗin tagulla ya yi shekaru a kan bututun ƙarfe lafiya lau. Gaskiya ne, amma a dubi girma. Ɗan bawul a kan dogon bututu, tsatsar tana bazuwa har ba a ganinta. Juya lamarin, ka sa guntun ƙarfe a tsakiyar bututun jan ƙarfe, duk cin zai taru a kansa ya huda shi da wuri. Bututu mai rufin tutiya ma ba mafita ba ne, domin a ruwan da ya haura digiri 60 tutiyar kan daina kare ƙarfen.

Saboda haka malam mai gyara, ka tsaya a ƙarfe iri ɗaya. In tilas ta sa, raba su da mahaɗin da lantarki ba ya ratsawa, amma ka tabbatar robarsa tana jure zafin tururi, kuma a riƙa cire oksijin daga ruwan tukunya.