Nasiha Ga Masu Gudu Da Lokaci Ya Yi Wa Kaɗan

Yarana, na ji kukanku: makaranta da kasuwa sun cinye muku yini, awa biyu ko uku kawai kuke samu a mako, ga shi kuna son rage mintunanku a tseren kilomita 5 ko 10. Ku kwantar da hankali. Roger Bannister ɗalibin likitanci ne a Landan sa'ad da ya zama mutum na farko da ya yi gudun mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu, ranar 6 ga Mayu 1954. Yawancin atisayensa a hutun abincin rana yake yi, ya zagaya fili sau goma da ƙarfi, yana ɗan hutawa tsakani.

Abin da ke damuna da ku shi ne kullum gudu iri ɗaya kuke yi, ba sauri ba, ba sannu ba. Ku dawo a gajiye, jiki bai koyi komai ba.

In kwana uku gare ku, ku ba kowace rana aikinta. Ranar sauri, ku fara da sassarfa ta minti goma har gumi ya tsatso, sannan ku yi mita 400 sau shida zuwa takwas. In babu filin tsere, zagayen filin ƙwallo ya wadatar. Tsakani ku yi tafiya minti ɗaya ko biyu. Ku lura da kyau: zagaye na ƙarshe ya zo daidai da na farko. Wanda ya tashi kamar barewa a farko, ya kai na biyar yana dafe da gwiwa yana haki, ya ɓarar da ranarsa. Rana ta biyu, minti ashirin a jere, da saurin da ba zai bar ku ku furta fiye da kalma uku ba.

Ta uku ita kuke rainawa, ita kuma na fi so ku riƙe. Awa guda a hankali, ta yadda za ku iya hira da abokin tafiya. Ita ce ke ƙarfafa zuciya da jijiyoyi, ita ce za ta ɗauke ku a kilomita biyun ƙarshe, inda wanda sauri kaɗai gare shi yake sarewa. Wanda ke mafarkin hawan tuddan Okpekpe a Jihar Edo, inda ake tseren kilomita 10, kada ya yi wasa da ita.

Kada ku jera ranakun wahala biyu, domin a ranar hutu jiki yake ginuwa. Ku fita bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, in a kan titi ne ku riƙa fuskantar motocin da ke tahowa. In ƙwauri ko gwiwa ya fara ciwon da ke ƙaruwa da gudu, don Allah ku tsaya, kada kunyar abokai ta sa ku daure.

Bayan mako shida ko takwas, ku koma hanyar da kuka fara auna mintunanku a kanta, a irin lokacin da kuka auna, ku sake duba agogo.