Karayar Arziki a Amurka: Za Ka Iya Shiga Kotu Ba Lauya?

Wani ɗan'uwa mai tuƙin tasi a Amurka ya aiko da tambaya: bashin katin banki da na asibiti ya kai masa wuya, masu binsa ba sa barinsa ya runtsa, kuɗin lauya kuma ya fi ƙarfinsa. Ko zai iya zuwa kotu shi kaɗai ya ayyana cewa ya karye?

Ɗan'uwa, za ka iya. Dokar Amurka ta ba mutum damar shigar da wannan buƙata da kansa a kotun tarayya mai kula da karayar arziki. Kamfani ne dole ya ɗauki lauya. Hanyoyi biyu ne a gabanka. A Babi na 7 na dokar karayar arziki ana sayar da dukiyar da doka ba ta kare maka ba, a raba wa masu binka, a yafe ragowar. A Babi na 13 kuwa kana biya kaɗan-kaɗan tsawon shekara 3 zuwa 5. Na farkon kaɗai nake yarda mutum ya tunkara ba lauya, shi ma in ba shi da gida ko kadara mai nauyi.

Kafin ka kai takarda, sai ka yi kwas na shawara kan bashi a wata cibiya da Ma'aikatar Shari'a ta amince da ita, cikin kwana 180 kafin ranar shigarwa. Za a auna abin da ka samu a wata 6 da suka wuce da matsakaicin samun mutanen jiharka, don a ga ko ka cancanci Babi na 7. Kuɗin shigar da Babi na 7 dala 338 ne. Ana iya biya kashi-kashi, mai ƙaramin ƙarfi sosai kuma yana iya roƙon a ɗauke masa. Da zarar takardarka ta shiga, masu binka bashi dole su daina kira da ƙwace albashi. Bayan kamar wata guda, wakilin da aka naɗa kan dukiyarka zai yi maka tambayoyi bisa rantsuwa, sannan ka yi kwas na biyu.

Yanzu ga inda mutanenmu suke faɗawa rami, kuma nan nake so ka nutsu. Doka ta ce ka lissafa duk abin da ka mallaka a ko'ina yake a duniya. Filin da ka saya a Kano, gidan da kake ginawa a Damagaram, rabonka na gado, zubin adashi, duk suna ciki. Mutum yakan ce a ransa, wa zai je unguwar Hotoro a Kano ya duba? Ba sai an je ba: takardun bankinka suna iya nuna aiken da ka yi gida. Ɓoye dukiya a wannan shari'a laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari har shekara 5, ga baƙo kuma abin yakan shafi takardun zama. Haka nan idan ka biya yayanka bashinsa cikin shekara guda kafin ka shigar, ka bar banki, wakilin yana iya karɓo kuɗin daga hannunsa. Ka yi don zumunci, ka jawo masa sammaci.

Ba kowane bashi ake yafewa ba. Kuɗin ciyar da 'ya'ya, tarar kotu, harajin baya-bayan nan da mafi yawan bashin karatu suna nan daram. Sunanka kuma zai zauna a tarihin bashi shekara 10.

Na san abin da ke cin ran mai tsoron Allah: haƙƙin mutane. Doka ba ta hana ka biyan wanda aka yafe maka bashinsa da son ranka ba, in Allah ya hore daga baya.

Ma'aikatan kotu da masu cike fom don kuɗi ba su da izinin ba ka shawarar shari'a. Akwai ofisoshin lauyoyin taimakon marasa ƙarfi, akwai kuma ƙungiyar Upsolve mai taimakawa kyauta a Babi na 7. Idan kana da fili ko gida a ƙasarmu, ko ka aika kuɗi mai yawa cikin shekara biyun nan, don Allah kada ka sa hannu a kowace takarda sai lauya ya duba ta.